A ƙwallon Amurka, malamin 'yan katanga ya fi sabon saye daraja

Duk ƙarshen kakar wasa a gasar NFL ta Amurka labarin ɗaya ne. Ƙungiyar da aka yi ta kayar mata da mai jifa sai ta buɗe bakin aljihu, ta shiga kasuwa neman ƙato. A zuba miliyoyin daloli a kan mutum ɗaya, magoya baya su yi ta murna, kaka ta zagayo a tarar ana nan inda ake. Wannan ɗabi'a tana damuna, domin ta nuna masu ƙungiyoyin sun manta cewa aikin mutum biyar ɗin nan da ke tsugune a gaba, waɗanda nake kira 'yan katanga, sana'a ce da ake koya a hannun malami.

Ga wanda bai saba da wasan ba: su biyar ne, ɗaya a tsakiya mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, biyu a gefensa, biyu a can bakin layi. Aikinsu su sama wa mai jifa daƙiƙa biyu zuwa uku, ko su buɗe wa mai gudu hanya. Ba a cika kiran sunansu ba sai sun yi laifi. Kuma laifin ƙanƙane ne a ido. Na bakin layi ya ja ƙafar waje baya da taku ɗaya da ya wuce kima, sai ƙofa ta buɗe ta ciki. Hannunsa ya zame daga ƙirjin abokin karawa zuwa bayan kafaɗa, alƙali ya wurgo tuta, an ci ƙungiya tarar yadi goma. Abokan hamayya biyu su yi musayar wuri bayan an fara wasa, dole 'yan katanga biyu su yi musayar mutanensu cikin ƙiftawar ido ba tare da sun yi wa juna magana ba. Wannan fahimtar ba ta zuwa a cikin kwantiragi. Maimaitawa ce kullum, a gaban mutumin da ke ganin inda ɗan yatsan ƙafarka ya fuskanta.

Jeff Stoutland, malamin 'yan katanga, ya zo Philadelphia Eagles a 2013 daga Jami'ar Alabama. An sauya babban koci ba sau ɗaya ba, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. A 2018 ƙungiyar ta ɗauki Jordan Mailata, ɗan Ostiraliya ɗan asalin Samoa, a zagaye na bakwai na zaɓen sabbin 'yan wasa, shi ne na 233. Rugbi ya sani, bai taɓa buga ƙwallon Amurka ko sau ɗaya ba. Shekara biyu cur bai shiga wasan gasa ba, yana fama da ciwon baya, yana koyon yadda ake tsugunawa da inda ake ajiye hannu. A 2020 ya fara shiga. A 2021 ya ƙwace gurbin hagu, gurbin da ke kare bayan mai jifa, daga Andre Dillard wanda aka ɗauka a zagayen farko. Da aka nemi 'yan wasa su faɗi makarantar da suka fito a talabijin, Mailata sunan Stoutland ya kira a matsayin jami'arsa. Na ga mutane sun ɗauke shi raha, ni kuwa gaskiya na ji ya faɗa.

Kada a ce sa'a ce ta mutum ɗaya. Mekhi Becton ya sha wahala a New York Jets har aka fara cire rai da shi. Ya zo Eagles a 2024, aka ɗauke shi daga bakin layi aka mayar da shi ciki, ya farfaɗo. A kakar 2024 ɗin, bayan Jason Kelce ya yi ritaya daga tsakiya, mai gudu Saquon Barkley ya yi gudun yadi 2,005 a bayan wannan katanga, ƙungiyar kuma ta doke Kansas City Chiefs da ci 40 da 22 a wasan ƙarshe na Super Bowl.

New England Patriots ma sun ɗanɗana. Malamin 'yan katangarsu Dante Scarnecchia ya yi ritaya, a Janairun 2016 'yan Denver suka yi ta tumurmusa mai jifarsu Tom Brady har aka fitar da su. Aka roƙi dattijon ya dawo, kakar da ta biyo baya suka ɗauki kofi. Shi ne kuma ya horar da Stephen Neal, zakaran kokawa na duniya a 1999 wanda bai buga ƙwallo a jami'a ba. Duk wanda ya kalli kokawa a dandali ya san dalilin da ya sa hakan ya yiwu: wanda ƙugunsa ya fi ƙasa, ƙafarsa ta fi kafuwa, shi ke da nasara ko da abokin ya fi shi jiki.

Abin da ya ƙara wa malami muhimmanci shi ne yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta hana atisaye mai tsanani sau biyu a rana, ta kuma taƙaita atisaye da cikakkun kayan kariya zuwa 14 a tsawon kaka. Don lafiyar 'yan wasa aka yi, kuma ina goyon baya. Amma lokacin koyarwa ya ragu, ga yara suna fitowa daga jami'o'i da yawansu ba su saba sa hannu a ƙasa ba. Kocin da ya iya gyara taku cikin minti goma yanzu ya fi ƙarfin a yi wasa da shi, amma sau da yawa shi ake fara sallama idan sabon babban koci ya zo da mutanensa.

Maganar ta shafe mu ta wata fuska. Tsohon ɗan wasan NFL Osi Umenyiora ya buɗe ƙofa ga matasan Afirka, an yi sansanin NFL a Gana a 2022, kuma 'yan Najeriya irin su Roy Mbaeteka sun samu shiga ƙungiyoyi a matsayin 'yan katanga. Jiki suna da shi, ƙwazo suna da shi. Tsorona a riƙe yaro kaka ɗaya a rukunin 'yan atisaye, a ga bai ƙware ba, a sallame shi. Mailata shekara biyu aka ba shi a hannun malami ɗaya kafin a nemi komai daga gare shi, kuma ina so duk ƙungiyar da ta ɗauki yaranmu ta ba su irin wannan lokacin.