Riyad: Gidan Kulle da Ya Koma Masaukin Baƙi

Tasi ba ta kai mutum ƙofar masaukinsa a tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko. Iyakarta ƙofar gari, kamar Bab Bu Jalud, daga nan sai a ɗora kaya a amalanke a bi mai turawa da ƙafa. Ana cewa lungunan wannan tsohon birni, Fas al-Bali, sun haura 9,000, wasu ko mutum biyu ba sa iya jerawa a cikinsu. Idan aka ji an daka tsawa "balak!" to alfadari ne tafe da kaya, gara a manne da bango. Can sai mai amalanke ya tsaya gaban wata tsohuwar ƙofar katako a jikin dogon bango marar taga, ya ce an iso. Baƙon da ya biya kuɗi mai tsoka ta intanet yakan fara tunanin an damfare shi.

Sai an buɗe, ya bi wani ɗan zaure mai duhu da ya yi kwana, sannan gidan ya bayyana gaba ɗaya: tsakar gida shimfiɗe da tayil kala-kala, ruwa na ɓulɓulowa daga kwanon marmara, bishiyoyin lemo, sama a buɗe. Hayaniyar kasuwa ta ɗauke ɗif. Wannan ɗan lokaci tsakanin zaure da tsakar gida shi ne jarin duk sana'ar masaukin da ake kira riyad.

Kalmar riyad Larabci ce, jam'in rauda, wato lambu. A wurin magina na Maroko gida bai cancanci sunan ba sai tsakarsa tana da lambu na gaske, galibi an raba shi fangali huɗu, hanyoyi biyu sun gicciya, ruwa a tsakiya. Wanda tsakarsa daɓe ce kawai, sunansa dar. Amma kasuwa ba ruwanta da wannan bambanci. Yau ko ɗan ƙurmusasshen gida mai tukunyar fure biyu riyad yake kiran kansa, domin sunan ne ke jawo ciniki.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa na Kano ko Zariya ba sai an yi masa dogon bayani ba. An karkata zaure ne don kada mai wucewa ya hango matan gida. Tagogi duka ciki suke kallo. Ɗakunan dogaye ne sirara, saboda faɗin ɗaki ba ya wuce tsawon katakon da aka yi rufi da shi, kamar dai yadda azara ke yanke wa maginin Hausa hukunci. A Maroko itacen al'ul ake kawowa daga tsaunukan Atlas. Kaurin bango da inuwar tsakar gida su ke karya zafin Marakesh, wanda kan zarce digiri 40 a bazara. Adon kuwa hawa-hawa ne. Daga ƙasa zallij, tayil ɗin da ake fasawa da guduma ƙanana-ƙanana a jera su fuska a ƙasa kafin a zuba musu kwaɓi. Samansa farin shafe da aka sassaƙa tun yana da danshi, can ƙoli kuma katako. Akwai kuma tadalakt, wani shafen ƙonannen dutse da ake gogewa da tsakuwa a shafa masa baƙin sabulun zaitun har ya daina shan ruwa, kusan aikin da laso ke yi a ginin Hausa.

Abin lura shi ne, a da ba a gina irin wannan gida don baƙon da ba a sani ba. Fatake da matafiya funduƙ suke sauka, dabbobi da kaya a ƙasa, mutane a sama, kamar gidan fatoma. Funduƙ Najjarin na Fas yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihin sassaƙa. Gidan iyali kuwa na iyali ne.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara kwance wannan tsari. Da Faransa ta karɓi ragamar ƙasar a 1912, gwamnanta Liyote ya mai da fadar mulki daga Fas zuwa Rabat, ya kuma sa aka gina sababbin unguwanni a wajen ganuwa, irin su Geliz a Marakesh. Bayan samun 'yanci a 1956 manyan gidaje suka yi ta kwashewa zuwa can, ko Kasabalanka, inda mota ke kaiwa ƙofar gida. Mutanen karkara suka maye gurbinsu, gidan da attajiri ɗaya ya gina ya koma na haya, kowane ɗaki da iyalinsa. Magada sun yi yawa, ba mai gyara rufi. Ko da UNESCO ta sa tsohon birnin Fas cikin kayan tarihin duniya a 1981, na Marakesh kuma a 1985, gidaje da dama sun riga sun fara zubewa.

Sai Turawa suka dawo ta wata ƙofa. Shahararren mai zanen tufafi Yves Saint Laurent ya fara zuwa Marakesh a 1966, ya ja hankalin masu kuɗin Turai. A shekarun 1990 aka shiga sayen tsofaffin gidaje da araha ana gyarawa, sannan yarjejeniyar buɗe sararin sama da Tarayyar Turai a 2006 ta kawo jirage masu rahusa. A 2024 Maroko ta karɓi baƙi miliyan 17.4.

Me baƙo ke samu? Ɗakuna kaɗan ne, sau da yawa ba su kai goma ba, don haka kafin kwana biyu mai dafa abinci ta san yadda yake son shayinsa. Da shayin ake tarbarsa, koren ganye da na'a-na'a da sukari mai yawa, ana tsiyayowa daga sama don ya yi kumfa. Da safe akwai wata waina mai ninki da ake kira musamman, da bagarir mai ramuka kamar sinasir, da zuma da man zaitun. A Marakesh idan ya yi sa'a a yi masa tanjiya, naman da ake toshewa a tulu a kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne cikin toka mai zafi, ya yini yana dahuwa. Amma gidan da aka gina wa dangi ba ya riƙe sirri tsakanin mazaunansa. Tari a ɗakin ƙasa ana jin sa a bene na biyu. Matakala a tsaye take, tsoho zai sha wuya. A watan Janairu kuma sanyin Fas yana saukowa kai tsaye ta tsakar gida, sai an rufe ta da leda.

Ba za a hana sana'ar yabonta ba. Ta ceci gidajen da da yanzu sun zama kufai, ta kuma mayar wa masu zallij da masu sassaƙa aikinsu. Sai dai ta juya gidan a bai-bai, kuma ba inda hakan ya fi fitowa kamar saman soro. A da nan ne filin mata, inda suke shanya, su yi hira da maƙwabciya ta kan katanga, namiji ba ya hawa sai da dalili. Yanzu nan ake jera kujerun shan rana da teburan cin abinci, wani wurin har da giya, baƙi riƙe da waya suna leƙen tsakar gidajen mutane. Gidan da aka gina don tsare ido ya zama dandamalin kallo. Kwanon alwala da shan tsuntsaye ya koma kududdufin ninƙaya, a ƙasar da fari ya addaba shekara da shekaru. Kuɗin gida ya tashi, ɗan unguwa ya sayar ya koma bene a bayan gari. Kowane iyali da ya tashi, mai tanderun unguwa ya rasa faifan burodi ɗaya da yaro ke kawo masa kullum safiya.

Fas ba ta kai Marakesh nisa a wannan hanya ba, kuma tana da wasu irin baƙi. A unguwar Balida zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a birnin a 1815, kuma 'yan ɗarika daga Senegal, Mali, Nijar da Najeriya ba sa yankewa. Su ba ruwansu da kududdufi ko kujerar shan rana. Abin da suke tambaya shi ne tazarar masauki da zawiya, ko za a iya zuwa wazifa da ƙafa a dawo. A lungunan da ke kewaye akwai iyalan da ke ba da hayar ɗaki ɗaya ko biyu alhali suna zaune a gidansu. Tayil ɗin ya ɗan ɓantare, shanya na rataye a bene, takalman yara zube a zaure. Baƙo namiji da ya dawo daga sallar isha'i yakan tsaya a nan ya yi gyaran murya da sallama, ya jira a ce ya shigo.