Ruwan Bagaja a Idon Yaro da Idon Babba

Littattafan Hausa kaɗan ne suka shiga ran 'yan makaranta kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam (1911–1981), wanda ya rubuta domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, lokacin yana malamin makarantar Midil ta Katsina. Yaro kan karanta shi ne domin aljannu da dogayen tafiye-tafiye da dariyar artabun Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Idan aka tambaye shi jigo, sai ya maimaita abin da aka koya masa, wato naci da haƙuri su ke kai mutum ga biyan bukata.

Amma wanda ya komo wa littafin bayan ya manyanta zai tarar wannan jigon bai rufe labarin ba. Da farko dai, ruwan da aka fita nema domin warkar da ɗan Sarki bai ci wani wuri mai yawa ba. Mafi yawan shafuffukan zamba ce da ramuwar gayya, daga wannan gari zuwa wancan. Abu na biyu, ba tausayin majinyaci ne ya fitar da Alhaji daga gida ba, zafin wulaƙancin da aka yi wa Liman a fada ne. Ke nan kare mutunci shi ne ƙashin bayan tafiyar.

Misalin da ya fi fito da bambancin karatun biyu shi ne wurin da Alhaji ya zana wata alama a ƙasa, Zurƙe ya yi ta kiran sunayen baƙaƙen Larabci, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka kori Zurƙe. Yaro zai yi murna domin tauraronsa ya yi nasara. Babba kuwa zai lura cewa mai ilmin ne aka kora, kuma jahilcin taron ne ya yanke hukunci. Wannan suka ce mai kaifi ga al'ummar da ke auna malanta da kwarjini da iya baki.

Tushen wannan salo ba ɓoyayye ba ne. Manazarta sun daɗe da nuna alaƙar littafin da Muƙamatul Hariri, inda Abu Zaidi ke yawo gari-gari yana cin abinci da harshensa. Sai dai Hariri ya ajiye mai ba da labari daban, wanda ke zargin gwanin, alhali Imam ya bar Alhaji ya ba da nasa labarin da bakinsa ga Koje Sarkin Labari. Saboda haka babu muryar da ke tsaya wa waɗanda aka cuta, kuma labarin na wucewa ya bar su. Nan ne raunin littafin yake, nan ne kuma daɗinsa, domin mai karatu kan tsinci kansa yana goyon bayan macuci.

Abin da ya kamaci malamai shi ne su daina matse littafin cikin darasin tarbiyya guda. A bar ɗan firamare da dariyarsa. Ɗalibin sakandare da na jami'a kuwa, a tambaye shi wa aka cuta a kowane gari, da abin da ya sa bai ji tausayinsa ba a karatun farko.