Gwanintar Ba da Canji a Harshen Python

Duk mai koyon rubuta manhaja da Python ba ya daɗewa sai an ba shi aikin canji: ga kuɗi kaza, a fasa su da sulalla mafi ƙaranci. Aikin ƙarami ne, amma a nan nake gane mai hannu.

Littattafan Amurka kan yi misali da sulallansu huɗu: kwata santi 25, daim 10, nikel 5, feni 1. Sabon shiga yakan ware wa kowane sule layinsa, ya yi ta maimaita lissafi ɗaya. Gwani kuwa sai ya zuba su cikin ma'ajiyar da ake kira dict, wato ƙamus, inda kowane suna ke riƙe da darajarsa. Sunan shi ne mabuɗi. Ka kira kwata, a miƙo maka 25.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne zagaya ƙamus ɗin. In ka bi shi kai tsaye, sunaye kawai zai ba ka, kuma ba a raba lamba da suna. In ka kira values(), ga lambobi amma ba ka san na wane sule ba ne. Shi ya sa items() ke burge ni: tana ɗauko mabuɗi da darajarsa tare, kamar mai shago da ya san takardar Murtala naira 20 ce tun kafin ya buɗe ta. Daga nan sai divmod ta faɗi sau nawa sulen ya shiga da abin da ya saura. Santi 87 ya zama kwata 3, daim 1, feni 2. Layi huɗu ko biyar, aiki ya kammala! Gobe in naira ko sefa ake so, ƙamus ɗin kaɗai za a sauya.

Dole a fara da babban sule. Tun fitowar Python 3.7 a 2018 ƙamus yana kiyaye jerin da aka shigar da abubuwa, amma mai lura ba ya dogara da hakan, yakan jera su da sorted bisa daraja.

Gwani ya kuma san iyakar dabarar. Da sulallan 1, 3 da 4 ne, aka ce a ba da 6, farawa da babba za ta kawo guda uku: 4, 1, 1, alhali 3 biyu sun wadatar.