Sunan Kazaure da Ma'aunin Zato

Labarin da a ke bayarwa game da asalin sunan Kazaure sananne ne. An ce wani maharbi, Kutumbi, ya taso daga wajen Dala, ya tarad da kwari tsakanin duwatsu, wani cikin mutanensa ya duba ya ce wurin kamar zaure, sai sunan ya bi garin. Waɗansu masu rubutu har su kan sa wa abin shekara, wajen 1300. Labari ne mai daɗi, amma a awon malaman manɗiƙi bai kai yaƙini ba, ko rinjayen zato ma sai da ƙyar.

Hujjarsa ta fari kamancin lafazi ce. To, abin tambaya shi ne, sau nawa irin wannan kamanci kan faɗo bisa katari? A Hausa sau da yawa ƙwarai, domin gaɓoɓinta gajeru ne, kusan kowane sunan gari a na iya tsaga shi a fid da magana. Ga Gwiwa nan kusa, sunanta ɗaya da gaɓar ƙafa. Ga kuma Babura, wadda a rubuce ba ta da bambanci da jam'in babur, alhali garin ya riga injin zuwa ƙasar nan da nisa. Ba mai hankalin da zai ce 'yan acaɓa suka raɗa mata suna. Ma'aunin da zai ba da amsar banza a Babura kuwa ba a sakankance da shi a Kazaure ba.

A kan ce ai duwatsun na nan, sun shaida. Sun dai shaida wurin ya yi kama da zaure. Amma ko sunan ne ya haifi labarin, ko labarin ne ya haifi sunan, duwatsun haka za su kasance, watau ba su rinjayar da ko ɗaya.

Sa'an nan a kan kafa hujja da yawan masu faɗi. Malaman hadisi sun daɗe da warware wannan: yawan baki ba ya zama tawaturi sai hanyoyin sun rabu tun daga tushe. Mutum ɗari da suka ji daga tsoho guda, shaida guda ne. Sunan Kutumbi kansa ya isa a yi hattara, gama akwai Sarkin Kano Kutumbi, wanda a ke lissafa sarautarsa daga 1623 zuwa 1648, babban suna kuwa ya kan janye labarin da ba nasa ba.

Dubi bambancin wannan da tawayen Ɗan Tunku ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1819. Kano ta riƙe labarin, Kazaure ma ta riƙe, ga su abokan gaba a cikinsa, kowa da inda ya ke so maganar ta karkata, amma sun haɗu a kan an yi yaƙin.