Zohra Sehgal da Al'adar Wasan Yawo Gari-gari a Indiya

Duk wanda ya kalli Veer-Zaara zai tuna Bebe, tsohuwar da ta bar wasiyya a kai tokar gawarta Indiya, wasiyyar da ta fito da Zaara daga Lahore har ta gamu da Veer. Fitowarta ba ta da yawa, amma a kan maganarta aka ɗora labarin duka. Wadda ta fito a Bebe sunanta Zohra Sehgal, kuma shekarunta 92 lokacin da fim ɗin ya fito a 2004. Masu kallon fina-finan Indiya a wajenmu sun fi saninta da kaka mai tsokana, kamar a Hum Dil De Chuke Sanam na 1999. A dandamali ta samo wannan gwaninta, cikin al'adar ƙungiyoyin wasan kwaikwayo masu bin garuruwa, kuma wannan al'adar ce ta cancanci a duba.

An haife ta a Saharanpur a 1912, a gidan Musulmi masu asali a Rampur. Da rawa ta fara. Ta je Dresden ta ƙasar Jamus ta yi karatu a makarantar Mary Wigman, sannan a 1935 ta shiga ƙungiyar rawa ta Uday Shankar, ta zaga ƙasashe da su. A 1942 ta auri Kameshwar Sehgal, mabiyin addinin Hindu, auren da ya jawo surutu a dangi. A 1945 ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Prithvi Theatres a Bombay, ta zauna shekara 14.

Prithviraj Kapoor, mahaifin Raj da Shammi da Shashi, shi ya kafa ƙungiyar a 1944. Da kuɗin da yake samu a fim yake ciyar da ita. Tsarin shi ne mutane su zauna tare kamar gida ɗaya, su hau jirgin ƙasa da labulensu da kayan sawarsu, su sauka wannan gari su yi wasa, gobe su wuce gaba. Wasanninsu ba su da yawa: Shakuntala, Deewar, Pathan, Ghaddar, Ahooti, Kalakar, Paisa da Kisan. Amma cikin shekara 16 sun hau dandamali sama da sau 2,600. A nan sirrin yake. Ɗan wasan da ya maimaita rawa guda ɗaruruwan lokuta a gaban jama'a daban-daban ya san inda ake dariya da inda ake shiru, ya san yadda zai jefa murya ta kai kujerar ƙarshe, kuma idan ya yi tuntuɓe babu darakta da zai ce a sake ɗauka. Ko ya gyara nan take, ko ya sha kunya.

Wasannin kuma ba na nishaɗi kawai ba ne. Deewar, wanda aka fara a 1945, labarin 'yan'uwa biyu ne da baƙi suka shiga gidansu har aka gina katanga a tsakiya. Zohra ce ta fito a baƙuwar da ta haddasa rabuwar. Bayan shekara biyu aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Pathan kuwa ya yi magana ne a kan amana tsakanin Musulmi da Hindu a daidai lokacin da ake zubar da jini. Idan an tashi daga wasa, Prithviraj kan tsaya a bakin ƙofa da jaka yana karɓar taimako don mabuƙata.

Sai dai al'adar tana da aibinta, kuma bai kamata yabo ya rufe shi ba. Komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Prithviraj ne mai kuɗi, shi ne mai ba da umarni, shi ne kuma jarumi. Da muryarsa ta gaza, aljihu ma ya gaji, sai ƙungiyar ta watse a 1960. Ga mata kuwa fili ƙunci ne da shi. Ƙanwar Zohra, Uzra, ita aka fi ba rawar jaruma saboda kyau, yayar kuma ta tsaya a koyar da rawa da fitowa a matsayi na gefe. A ganina wannan rashin adalci ya zame mata alheri, domin wadda aka ɗauka don fuska, da fuskar take tafiya, ita kuwa Zohra da ido da kafaɗa da sarrafa murya ta koyi riƙe masu kallo, kuma tsufa bai ƙwace su ba.

Fim bai yi gaggawar gane ta ba. Ta fito a Dharti Ke Lal da Neecha Nagar a 1946, na biyun ma ya ci babbar kyauta a bikin Cannes na Faransa, amma masana'antar Bombay ta fi nemanta don tsara rawa, kamar a Baazi na Guru Dutt. Mijinta ya rasu a 1959, ta tafi Landan a 1962, ta yi shekaru tana ƙananan fitowa a talabijin. Sai a 1984, tana da shekara 72, shirin talabijin na The Jewel in the Crown ya fito da sunanta sarari. Daga nan Bhaji on the Beach, Dil Se, Bend It Like Beckham, har Cheeni Kum na 2007, inda ta zama uwar Amitabh Bachchan tana yi masa faɗa kamar yaro. Dandamalin ma ba ta bar shi ba: a 1993 ta haɗu da Uzra, wadda ta koma Pakistan da zama, suka yi Ek Thi Nani a Lahore, labarin 'yan'uwa mata biyu da rabon ƙasa ya raba.

Mu ma ta irin wannan hanya fim ɗinmu na Hausa ya taso. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a Kano a 1990, kuma su Kasimu Yero da Samanja sun goge a wasan kwaikwayo tun kafin zuwan kaset ɗin bidiyo. Shi ya sa har yau idan tsofaffin hannu suka shigo fage, ko ba su ce uffan ba, ido kansu yake komawa. Yau kuwa sabuwar fuska kan faɗo gaban kyamara kai tsaye, ba ta taɓa tsayawa gaban mutum ɗari ba.

Gwamnatin Indiya ta ba Zohra lambar Padma Vibhushan a 2010, ta biyu a girma cikin lambobin farar hula na ƙasar. Ta rasu a Delhi ranar 10 ga Yuli, 2014, tana da shekara 102.