Living Colour da 'Yan'uwansu: Kiɗan da Ya Ƙi Tsufa

Duk wanda ya ce yayin funk metal ya wuce, to ya daɗe bai kunna Vivid ba. Ya je ya kunna. Shi ne faifan farko na ƙungiyar Living Colour, ya fito a 1988, kuma wallahi har gobe idan "Cult of Personality" ta taso sai tsigar jikina ta tashi. Muryar Malcolm X ce ke buɗe waƙar, wani ɗan guntu daga jawabinsa na 1963, kafin ka gama tauna maganar jitar Vernon Reid ta faɗo maka a ka. Kai! Mutum huɗu ne kacal, amma sai ka rantse runduna ce.

Ga wanda bai saba da salon ba, funk metal haɗi ne na kiɗa biyu. Akwai ƙarar jita mai nauyi irin ta metal, sannan akwai funk na su James Brown da George Clinton, inda jitar bas da ganga ke jan ragama, ƙugu kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. A ƙarshen shekarun 1980 abin ya zama yayi a Amurka, kowace ƙungiya ta samo mai bas da zai riƙa marin tsirkiya da babban yatsa don a ce su ma suna ciki. Yawancin faya-fayan nan in ka ji su yau dariya za su ba ka, domin kayan aro ba ya rufe katara. Su kuwa Living Colour da 'yan'uwansu, samari baƙaƙen fata na New York da Los Angeles, funk a gida suka tashi suka tarar da shi, a coci, a rediyon uwa, a bakin titi. Haka ma rock ɗin: Chuck Berry da Little Richard da Jimi Hendrix duk nasu ne. Shi ya sa kiɗansu ya ƙi tsufa.

Vernon Reid a Landan aka haife shi a 1958, iyayensa mutanen tsibiran Karibiyan ne, ya girma a Brooklyn. Kafin ya kafa Living Colour a 1984 ya yi zaman koyo a ƙungiyar Decoding Society ta mai ganga Ronald Shannon Jackson, inda ake jazz mai wuyar sha'ani wanda ba ya bin layi. Wannan tarbiyya kake ji a tsakiyar "Cult of Personality", lokacin da kowa ya ja baya aka bar shi da jitarsa. Yatsunsa na gudu kamar za su ɓace, sauti na karkacewa, ka ce shi ke nan ya kauce hanya, sai ga shi ya dira daidai kan bugun ganga. Masu jitar metal na zamanin sun iya gudu, ba musu, amma gudunsu na ɗan makaranta ne mai biya hadda. Shi Reid gardama yake yi da waƙar.

Sai Corey Glover, wanda wasu suka fara gani a fim ɗin Platoon na 1986. Allah Ya yi wa bawan nan murya! Saurari farkon "Open Letter (To a Landlord)": jita a hankali, shi kuma yana jan baiti cikin taushi irin na mawaƙan coci, yana magana da mai gidan haya da ke rushe unguwar talakawa don riba. Can sai gangar Will Calhoun ta shigo, bas ɗin Muzz Skillings ya bi bayanta, muryar nan mai taushi ta rikiɗe ta koma tsawa. Waƙar ta haura shekara talatin da biyar, amma je ka tambayi masu haya a Brooklyn ko Harlem yau ko maganar ta tsufa. Haka "Funny Vibe", da Chuck D da Flavor Flav na Public Enemy suka sa baki a ciki, kan irin kallon tsoro da ake yi wa baƙin mutum ba tare da ya yi komai ba. Ita kanta "Cult of Personality" da ta jera Mussolini da Stalin da Kennedy da Gandhi a sahu ɗaya, tana jan kunne kan bautar shugabanni, duk kakar zaɓe sai ta zama kamar jiya aka rubuta ta.

Hanyar ba ta zo musu da sauƙi ba. Gidajen rediyon rock suna ganin baƙar fata ba ta dace da su ba, gidajen rediyon baƙaƙe kuma suna cewa wannan ƙara ta Turawa ce. Takaicin haka ne ya sa Reid da marubuci Greg Tate da Konda Mason suka kafa Black Rock Coalition a 1985. Sai da Mick Jagger ya je ya gan su a kulob ɗin CBGB, ya shirya musu waƙoƙin gwaji biyu, sannan kamfanin Epic ya ɗauke su. Vivid ya kai matsayi na 6 a jadawalin Billboard, an sayar da fiye da kwafi miliyan 2 a Amurka, suka zagaya da Rolling Stones a 1989, suka ɗauki Grammy a 1990, suka sake ɗauka a 1991.

Ni dai a wurina Time's Up na 1990 ya fi Vivid, ko da za a yi mini ca. Waƙar farko tana tasowa da gudun bala'i, Calhoun na dukan ganga kamar ana bin sa bashi, sai kwatsam ya taka birki ya zauna cikin wani bugu mai faɗi da ke sa ka gyaɗa kai ko ba ka so. A "Elvis Is Dead" ga Little Richard da kansa yana zuba, ga Maceo Parker, mai busan James Brown, yana yaga iska. Queen Latifah ma ta leƙo a wata waƙar. Sannan ga "Solace of You", wadda jitarta ke tafiya da ɗanɗanon Afirka, duk wanda ya tashi da jin highlife zai gane ta nan take. Ba abin mamaki ba ne da daga baya Reid ya sa hannu a shirya faifan Papa na Salif Keita a 1999, Calhoun kuma ya yi wa Oumou Sangaré kiɗa.

Abin da ya tsufa a Living Colour ɗaya ne: matsattsiyar rigar ninkaya mai ƙyalli da Glover ke sawa a bidiyo. Wannan kam Allah Ya jiƙan ta.

Sun watse a 1995 bayan Stain, faifai mai duhu da nauyi wanda Doug Wimbish ya karɓi bas a cikinsa, mutumin da ya kaɗa wa kamfanin Sugar Hill a farkon tarihin rap. Suka sake haɗuwa a CBGB a 2000. Yara suka tsince su a wasan Guitar Hero III a 2007, masu kallon kokawa suka tsince su lokacin da CM Punk ya riƙa shiga fili da waƙarsu a 2011, har suka kaɗa masa ita kai tsaye a WrestleMania a 2013. Shade na 2017 kuwa, wanda suka ɗauko blues na Robert Johnson da "Who Shot Ya?" ta Notorious B.I.G. suka juya ta kan masifar bindiga a Amurka, ba faifan tsofaffi masu cin tsohon suna ba ne. Muryar Glover ta ƙara kauri, ta ƙara zaƙi.

Living Colour ba su kaɗai ba ne a wannan fage. Akwai 24-7 Spyz na Kudancin Bronx, da suka ɗauki "Jungle Boogie" ta Kool & the Gang suka yi mata wankan wuta a 1989. Akwai iyayen gidan kowa, Mother's Finest na Atlanta, da Joyce Kennedy a gaba tun shekarun 1970, waɗanda suka sa wa faifansu na 1992 suna cewa rediyon baƙaƙe ba za ta kunna shi ba.

Amma Fishbone su ne ciwon zuciyata. Yara ne daga Kudancin Los Angeles da ake kwasa a motar bas zuwa makarantar unguwar Turawa a kwarin San Fernando, a can suka haɗu da Angelo Moore suka kafa ƙungiya a 1979. Ska, punk, funk, metal, ƙaho da saksofon, duk a waƙa ɗaya, Angelo na tsalle daga dandamali zuwa kan jama'a, Norwood Fisher na riƙe da bas ko gezau. Ji yadda suka ɗauki "Freddie's Dead" ta Curtis Mayfield a Truth and Soul na 1988, suka ƙara mata haƙora ba tare da sun taɓa mutuncinta ba. Ji "Sunless Saturday" daga The Reality of My Surroundings na 1991, wadda Spike Lee ya shirya bidiyonta. A lokacin kowa ya ɗauka duniya ta zama tasu. Sai rikicin cikin gida da kamfanin da bai san inda zai ajiye su ba suka taru suka danne su. Fim ɗin tarihinsu, Everyday Sunshine na 2010, da Laurence Fishburne ya ba da labarinsa, ba na iya kallonsa ban yi tsaki ba.

Abokan tasowarsu a kulob-kulob ɗin Los Angeles, Red Hot Chili Peppers, sun shiga zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame tun 2012, kuma ba na yi musu hassada. Amma har zuwa 2025 babu Fishbone a zauren nan, babu Living Colour. Haba jama'a! Masu zaɓen nan da wane kunne suke saurare?