Hanyar Ido a Kan Shafin Labarin Zane

Akwai wani irin littafi wanda ake ba da labari a cikinsa da zane-zane. A kan raba shafi gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida da hotonsa, maganar mutane kuwa a rubuta ta cikin 'yar da'ira kusa da bakinsu. Mutane da yawa suna tsammani wasan yara ne. Ni kuwa na ce aikin gwani ne, domin mai zane ba ya nan sa'ad da ake karatu, sai dai ya shimfiɗa wa ido hanya tun da wuri. In hanyar ta ɓace, labari ya watse, a ga amsa kafin tambaya, a ga mutum ya faɗi tun ba a buge shi ba.

Ido dai yana bin inda aka horar da shi. Wanda ya saba da boko daga hagu yake farawa, ya nufi dama, sa'an nan ya sauko layin ƙasa. Wanda ya taso da allo da ajami kuwa daga dama yake kamawa. Haka mutanen Japan suke karanta nasu, waɗanda suke kira manga. Da aka fara fassara su a Amurka, sai aka riƙa juya hotunan kamar a madubi, har jarumi mai riƙe takobi da dama ya koma bahago. Daga wajen 2002 aka yawaita buga su yadda suke.

Cikin gwanayen wannan sana'a, Hergé, mutumin Beljiyam wanda ya fara labarin Tintin a 1929, ya cancanci yabo. Galibi layi huɗu yake jera wa shafi, a daidaice, ido ba ya tuntuɓe. Sau da yawa kuma yakan ajiye abin fargaba a gidan ƙarshe, don hannu ya yi ɗokin buɗe shafi na gaba.

Amma fa ido ba ya bin layi a makance. A 2013 wani masani, Neil Cohn, ya ba mutane shafuka masu gidaje ba hoto, ya ce su nuna yadda za su bi su. Inda aka ɗora ƙananan gidaje biyu a hagu, dogon gida guda yana tsaye a damansu, yawancinsu sai suka sauka ƙasa tukuna, kana suka ƙetara. Watau siffar gidaje ita ma tana jan ido. Saboda haka mai zanen da ya cika shafi da kibiyoyi, lalle ya gaza wajen tsari ne, yake neman ciko.

To, wannan magana ta shafe mu ƙwarai. A ƙasarmu ɗan boko da almajiri sukan tsaya gaban takarda guda, wannan ya kama daga hagu, wancan daga dama. In takardar tana koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai zawo, wanda ya karanta a baibai ya cutu, ba kuwa laifinsa ba ne. Maganin abin yana kusa: boko da ajami duka daga sama suke sauka ƙasa. Mai zana wa jama'armu abin koyarwa, sai ya jera gidajensa a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, kowa ya sami hanya.